Hadisk, SSD ko mai ruwa biyu: wanne zan sa wa kwamfutar shago?

Baban Ummi (Agege):
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masu sani. Ina da shagon buga takardu da katin biki a nan Agege, kuma laftof ɗin da nake aiki da ita HP ce ta hannu, Core i5 ƙarni na 4, RAM 4GB, hadisk (ma'ajiyar fayiloli) 500GB. Kwanan nan ta yi nauyi ƙwarai. In na kunna ta da safe sai in share shago in jera kujeru ba ta gama buɗewa ba. CorelDRAW kuwa sai kwastoma ya gaji da tsayuwa. Wani ya ce in sa ma'ajiya mai sauri da ake kira SSD, wani ya ce in sayi babban hadisk 1TB, wani kuma ya nuna min wani wai shi mai ruwa biyu ne, SSHD, ya haɗa sauri da yawan wuri. Kuɗin da ke hannuna na abu ɗaya ne. Wanne zan saya? Allah ya saka da alheri.

Ɗalibin Akoka:
Wa alaikumus salam. Baba, SSD kawai, babu wata muhawara a nan. In ma da hali NVMe za ku sa, wato irin SSD mafi sauri, shi ne ake yayi yanzu.

Injiniya Otigba:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗalibi, dakata tukuna mu ji halin da kwamfutar ke ciki. Malam Baban Ummi, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Ka duba layin da aka rubuta Disk da wanda aka rubuta Memory, ka faɗa mana kashi nawa kowanne ke nunawa a lokacin da ta yi nauyin. Sannan ka shiga This PC ka ga nawa ka cinye a cikin 500 ɗin. Ka kara kunnenka a gefenta kuma, kana jin wani ƙyat-ƙyat daga ciki? Tana da wurin sa faifan DVD?

Baban Ummi (Agege):
Injiniya na duba. Disk ɗin a 100 yake tsaye, ba ya sauka sai an jima sosai. Memory yana wajen 80. Abin da na cinye 310GB ne, yawanci tsofaffin ayyukan kwastomomi, katunan biki da kalandu da hotunan 'yan saukar Islamiyya. Ƙara ban ji ba sai ta fanka. Wurin DVD akwai, amma rabon da in buɗe shi har na manta.

Injiniya Otigba:
To alhamdulillahi, matsalar ta fito fili. Injin kwamfutarka lafiyarsa ƙalau, jiran hadisk yake yi.

A cikin hadisk akwai faifai na gaske yana juyawa, sau 5,400 a minti a yawancin laftof, na kwamfutar tebur kuma sau 7,200. Akwai ɗan hannu mai allura a bakinsa yana shawagi a saman faifan ba tare da ya taɓa shi ba. Duk fayil ɗin da ka nema sai hannun nan ya tafi layin da yake, ya jira faifan ya juyo da wurin. Kowace tafiya tana cin wajen kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa. Za ka ga kamar ba komai ba ne, amma Windows in zai tashi dubban ƙananan fayiloli yake kira, ga masu sabunta kansu a bayan fage, ga mai binciken ƙwayar cuta, kowa na jiran hannu guda ɗaya. Shi ne 100 ɗin da ka gani.

SSD babu abin da ke motsi a cikinsa, 'yan ƙwayoyin filash ne irin na cikin wayarka, sai mai sarrafa su. Neman fayil a wurinsa wajen kashi 1 cikin 10,000 na daƙiƙa ne. In ana kwafar babban fayil, hadisk ɗin laftof yana yin kusan 100MB a daƙiƙa, SSD mai bakin SATA kuma har 550MB. Amma abin da za ka fi ji a jikinka shi ne saurin neman ƙananan fayilolin nan.

Saboda haka hadisk 1TB ba zai magance maka komai ba. Wuri zai ƙara maka, kai kuwa wuri bai ƙare maka ba. Ka sa SSD.

Alhaji Mai Hoto (Idi-Araba):
Injiniya ban ƙi taka ba, amma ku yaran yanzu kuna saurin binne hadisk tun bai mutu ba. Ni tun zamanin kaset nake ɗaukar biki a garin nan. Bikin kwana uku, kamu da ɗaurin aure da walima, in an ɗauka da kyamara biyu, wurin da zai ci ba kaɗan ba ne. Da SSD zan riƙa ajiye waɗannan da tuni na rufe shago. Kuɗin da zai ba ka SSD 500GB, in ka ƙara kaɗan hadisk mai ninkinsa sau uku ko huɗu za ka ɗauka.

Na biyu kuma, shi hadisk in zai mutu yana sallama. Za ka ji ya fara ƙara, ko fayil ya ƙi buɗuwa, ko kwafa ta riƙa tsayawa a tsakiya, sai ka kwashe kayanka. Ko ya mutu ma akwai masu ciro abin da ke ciki. Yaron shagona SSD ɗinsa da dare yana aiki, da safe kwamfuta ta ce ba ta san shi ba. Aikin sunan jariri na wata baiwar Allah yana ciki, har yau ba mu same shi ba. Da idona na ga matar nan tana hawaye a ƙofar shago, don kakar yaron da ke cikin bidiyon ta rasu bayan sunan.

Injiniya Otigba:
Allah ya jiƙanta. Alhaji, maganarku gaskiya ce a kan ajiya, kuma ban ce a jefar da hadisk ba. Ku kanku na san kwamfutar da kuke haɗa bidiyo da ita SSD ne a ciki, hadisk ɗin na ma'ajiya ne. Abin da nake so Baban Ummi ya yi ke nan.

Sai dai sallamar nan da kuka ce hadisk yana yi, ba kullum ba ne. Laftof in ta faɗo daga tebur tana kunne, allurar na iya dukan faifan, nan take an gama. A teburina irin waɗannan sun fi yawa: an saka laftof a jaka ba a kashe ta ba, an hau babur ko danfo, an bi ramuka, washegari sai a kawo min ita tana ƙyat-ƙyat. SSD bai san da girgiza ba. Ga mai yawo da kwamfuta a titunan Legas wannan kaɗai ya isa dalili.

Alhaji Mai Hoto (Idi-Araba):
Wannan haka ne. Ta aiki SSD ne a ciki. Ina dai jan kunne ne kada a ɗauka shi ba ya mutuwa.

Na-Alaba:
Salam jama'a. Ni ban ga abin da ya sa kowa ya tsallake mai ruwa biyun ba. Na yi amfani da shi a tsohuwar laftof ɗina, 1TB, kuma wallahi na ga bambanci. Windows yana tashi da wuri fiye da da, ga wuri isasshe. Mutumin nan ya ce kuɗinsa na abu ɗaya ne. To ga abu ɗaya da ya haɗa biyun.

Ɗalibin Akoka:
Yaya Na-Alaba, filash nawa ne a cikin naka? In ka duba za ka ga 8GB ne kacal. Sauran duk faifai ne mai juyawa.

Na-Alaba:
To 8GB ɗin ai yana aiki, tunda na gani da idona.

Injiniya Otigba:
Yana aiki, Malam Na-Alaba, ba ƙarya ka yi ba. Bari in faɗi yadda yake yi, sai a ga wanda ya dace da shi.

Ka ɗauki mai sayar da kaya a Mile 12 da ke da ɗan tebur a gabansa, sito kuma yana can baya da nisa. Abin da aka fi tambaya shi yake ɗorawa a tebur, in an nemi wani abu daban sai ya aika yaro sito. Haka SSHD yake. Yana lura da abin da ka fi buɗewa, sai ya kwafe shi cikin ɗan filash ɗin. Shi ya sa bayan ka kunna kwamfuta sau uku ko huɗu za ka ga Windows ya fara tashi da wuri. Amma ba kai kake zaɓar abin da zai hau teburin ba, kuma teburin ƙarami ne.

Yanzu dubi aikin Baban Ummi. Yau katin bikin wannan, gobe kalandar wancan, jibi wani ya dawo neman aikin da aka yi masa bara. Kullum sabon fayil, kullum tafiya sito. Gudun hadisk mai juyi 5,400 zai riƙa samu a mafi yawan aikinsa.

Dabarar ta yi amfani a lokacinta. Seagate ya fito da Momentus XT a 2010 da filash 4GB, daga baya aka mai da shi 8GB, a lokacin SSD babba sai mai hannu da shuni. Da farashin filash ya sauko sai dalilin ya kau, kamfanoni ma sun kusa daina yin sa. Wannan ne ya fi damuna: wanda za ka samu a kasuwa yau galibi cirowa aka yi daga tsohuwar kwamfuta, ya riga ya yi shekaru yana juyi. Ga shi yana faɗuwa ya lalace kamar kowane hadisk. Ni ba zan sa wa mai neman abincinsa da kwamfuta shi ba.

Na-Alaba:
Na ji bayanin, amma ni dai nawa bai taɓa ba ni matsala ba. Wanda yake da shi a kwamfuta ya cire ke nan?

Injiniya Otigba:
A'a. In yana aiki kuma ya ishe ka, bar shi. Sayen sa yau da kuɗi ne ban ba da shawara ba.

Ɗan Sakkwato (Mile 12):
Assalamu alaikum. Ni ba masani ba ne, lissafin buhunan albasa nake yi a kwamfuta, amma ina da abin faɗa wa Baban Ummi. Ka kula da inda za ka saya. Ni wani mai tebur a bakin titi ya sayar min da SSD wai 1TB, a kwali mai kyau, kuɗinsa bai kai rabin na shago ba. Kwamfuta ta nuna 1TB ɗin kuwa. Na kwashe takardun lissafi da hotunan iyali na zuba. Na farkon suna buɗuwa, amma duk abin da na zuba daga baya sai ya zama fanko, suna yana nan, ciki babu komai. Da aka buɗe shi ɗan ƙaramin kati ne aka manna a ciki da gam. Na koma wurin ban tarar da mai tebur ba. Araha ba ta ado.

Ɗalibin Akoka:
Allah ya mayar da alheri, Kawu. Wannan sananniyar damfara ce. Suna sauya bayanin da na'urar ke gaya wa kwamfuta ne, sai ta ce ita 1TB ce alhali cikinta kaɗan ne. In wurin gaskiyar ya cika, sauran abin da aka zuba ba shi da inda zai zauna. Akwai manhaja kyauta, H2testw, tana cika na'urar da bayanai tun daga farko har ƙarshe sannan ta karanta ta ga ko sun dawo daidai. Tana ɗaukar lokaci amma ba ta ƙarya.

Sai dai kada a rikita wannan da wani abu. SSD na gaskiya mai 500GB zai nuna 465GB a Windows, mai 1TB kuma 931GB. Wannan ba cuta ba ce. Kamfani yana ƙirga da 1,000 ne, Windows kuma da 1,024.

Injiniya Otigba:
Madalla da Ɗalibi. In ƙara da CrystalDiskInfo, ita ma kyauta ce. Tana nuna awa nawa na'urar ta yi a kunne, sau nawa aka kunna ta, nawa aka taɓa rubutawa a kanta, da kashi nawa ya rage na lafiyarta. In an ce maka sabo ne ka ga awa dubbai, ka ajiye musu kayansu. Ana iya goge wannan lissafin a wasu, don haka kada ka dogara da shi kaɗai. Ka saya a shago mai lamba wanda in ka dawo gobe za ka same shi, a rubuta maka rasit da lambar jikin na'urar da kwanakin garanti, a sa maka a gabanka a gwada. Nan Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, akwai masu amana da yawa, amma kada ka bi wanda ya tare ka tun daga ƙarƙashin gada yana tambayar me kake nema. Ka shiga shago da ƙafarka.

Baban Ummi (Agege):
Na gode ƙwarai. To amma ni abin da ke ba ni tsoro, an ce SSD yana da adadin rubutun da in ya kai shi ke nan ya ƙare. Ni kuwa kullum cikin ajiye aiki da gogewa nake. Kada in saya shekara ɗaya ya mutu.

Ɗalibin Akoka:
Baba, gaskiya ne yana da iyaka, amma ku ji lissafin. Kamfani yana rubuta adadin a takardar na'urar, ana ce masa TBW. Misali Samsung 870 EVO mai 500GB an ba shi 300TB, da garantin shekara 5. Ku ɗauka kuna rubuta 20GB kowace rana ba fashi, wanda da wuya shagon buga takardu ya kai haka. 300TB ɗin nan kwana 15,000 ke nan, sama da shekara 40. Laftof ɗin ce za ta riga shi tafiya. Masu araha adadinsu bai kai haka ba, musamman irin QLC da ke cusa bayani huɗu a kowane ɗan ɗakin filash maimakon uku na TLC, amma ko su sun fi ƙarfin aikinku.

Alhaji Mai Hoto (Idi-Araba):
To in haka ne me ya kashe na yarona? Bai shekara biyu ba.

Injiniya Otigba:
Alhaji, yawancin waɗanda ake kawo min ba ƙarewar rubutu ce ta kashe su ba. Mai sarrafawar ne ke lalacewa, ko kuma wuta. SSD yana riƙe da wani jadawali na inda kowane abu yake. In wuta ta yanke masa yana tsakiyar gyara jadawalin nan, musamman marasa suna masu araha, yana iya rikicewa ya kasa gane kansa. Bayanan suna ciki amma babu hanyar kai wa gare su. Ciro su kuma ya fi na hadisk wuya da tsada nesa ba kusa ba.

Wannan ya kawo ni tambayar da ya kamata a yi. Baban Ummi, batirin laftof ɗinka yana riƙe wuta?

Baban Ummi (Agege):
Batirin ya daɗe da mutuwa. In an ɗauke wuta ɗif take mutuwa, sai na tayar da janareto in sake kunnawa. Wani lokaci sau da yawa a yini.

Injiniya Otigba:
To wannan ya fi komai hatsari a duk abin da ka faɗa. Ko hadisk ko SSD, babu mai son a yanke masa wuta yana rubutu. Ka sa batiri a cikin lissafinka, ko da wanda zai riƙe rabin awa ne, don ka samu ka ajiye aiki kafin a juya layi zuwa janareto. Mai kwamfutar tebur kuma UPS. In kuɗi bai kai ba gara ka sayi SSD 256GB da batiri a kan ka sayi 512GB babu batiri.

Ɗalibin Akoka:
Ni har yanzu ina ganin in za a kashe kuɗi a kashe sau ɗaya. NVMe yana kai 3,500MB a daƙiƙa a PCIe 3.0, na 4.0 kuma wajen 7,000. Ina 550 ina wannan?

Injiniya Otigba:
Ƙanena, a ina zai soka shi? Laftof ɗin ƙarni na 4 mai wurin DVD bakin SATA gare ta, na inci 2.5. NVMe ɗan siriri ne, M.2, faɗinsa milimita 22 tsawonsa 80 a mafi yawa, ramin kansa yake buƙata a jikin allon kwamfuta. Ko masu ramin M.2 ɗin ma ba duka ke karɓar NVMe ba, wasu SATA kawai suke ganewa, shi ya sa ake duba lambar kwamfuta kafin a saya. Mutane da yawa sun sayo sun zo ya ƙi shiga, ko ya shiga kwamfuta ta ƙi ganinsa.

Kuma a aikin Word da CorelDRAW da intanet, tazarar da ke tsakanin hadisk da SATA SSD ita ce babba. Daga SATA zuwa NVMe sai mai haɗa bidiyo irin su Alhaji ne zai ji sosai.

Ɗalibin Akoka:
Haka ne Oga, irin tasa ba ta da ramin. SATA ɗin dai.

Baban Ummi (Agege):
To in na sayi 256GB, kayana 310GB ina zan kai su?

Injiniya Otigba:
Nan ne wurin DVD ɗin zai yi amfani. Akwai ɗan akwati da ake kira kadi, siffarsa daidai da na'urar DVD. Za a zare ta, ƙusa ɗaya ce ke riƙe da ita a ƙasa, a sa tsohon hadisk ɗinka a cikin kadin a tura a ramin. SSD kuma ya zauna a ainihin mazaunin hadisk. Kadi kauri biyu ne, milimita 9.5 da 12.7, ka zo da laftof ɗin a auna. Windows da manhajoji da aikin da kake kai yanzu su zauna a SSD, tsofaffin ayyuka su zauna a hadisk. Ka ga ka samu abin da mai ruwa biyu ya yi alkawari, kuma kai ne mai zaɓar abin da zai zauna a ina.

Ka bar wa SSD sarari, kada ka cika shi maƙil, ko kashi 15 zuwa 20 cikin 100 ne, don in ya cika gudunsa na raguwa. Kada kuma ka bari wani ya sa maka manhajar tattara fayiloli irin ta hadisk a kansa, Windows ya san yadda zai kula da shi da kansa. Ni na fi son a zuba sabon Windows a kan a kwafe tsohon da duk tarkacensa, amma ka tabbata kana da abin sake sa CorelDRAW da direban firinta, ka kuma kwafe salon rubutun (font) da ka tara, don in babu su tsofaffin katunanka za su buɗe a hargitse.

RAM ɗin ma in hali ya samu nan gaba ka kai shi 8GB, DDR3L irin taka ke ci. Da 4GB kwamfuta kullum tana aron wuri a hadisk, shi ma yana cikin abin da ya ƙara nauyin.

Alhaji Mai Hoto (Idi-Araba):
A nan zan sake sa baki. Hadisk ɗin da ke cikin kadi ba ajiyar tsaro ba ce. In ɓarawo ya ɗauki laftof ya ɗauke biyun. In ruwa ya shiga shago, kuma mun san damunar Legas, biyun sun tafi tare. Tun abin da ya faru da matar nan, duk aikin da ya shigo shagona sai ya kwana a wuri biyu, ɗaya a shago ɗaya a hadisk na waje da nake tafiya da shi gida. Kai ma aikin mutane ne a hannunka, amana ce. Hadisk ɗinka kuma ba yaro ba ne, ba ka san shekarun da ya yi a Turai kafin ya zo hannunka ba.

Kuma don ajiyar da za a jefa a durowa a manta, hadisk nake sa wa. An ce min SSD in ya daɗe ba wuta yana iya zubar da abin da ke ciki. Injiniya haka ne?

Injiniya Otigba:
Haka ne Alhaji. Caji ne yake riƙewa a 'yan ɗakunan nan, kuma a hankali yana tsiyayewa, zafi na ƙara masa sauri. Ƙa'idar da kamfanoni ke bi ita ce wanda ya cinye adadin rubutunsa ya iya riƙe bayani shekara 1 ba wuta a zafin digiri 30. Sabo yana wuce haka sosai, amma ɗakunanmu a watan Maris sun fi digiri 30. Don ajiyar shekaru hadisk ya fi, shi ma a riƙa jona shi lokaci-lokaci ana dubawa, a kuma nisanta shi da danshi.

Wani abu kuma da ya kamata Baban Ummi ya sani: a hadisk in ka goge fayil bisa kuskure sau da yawa ana iya dawo da shi in ba a rubuta wani a kansa ba. A SSD akwai umarnin da ake kira TRIM, yana share wurin ba da jimawa ba. In ka zubar da kwandon shara, ka ɗauka ya tafi. Ƙananan fayiloli masu muhimmanci ka riƙa jefa su Google Drive, 15GB kyauta ne.

Ɗan Sakkwato (Mile 12):
To mu da za mu sa kyamarar tsaro a sito, SSD za mu sa ko hadisk?

Injiniya Otigba:
Hadisk, Kawu. Kyamara dare da rana take rubutu ba hutu, kuma wuri take so ba gudu ba. Akwai waɗanda aka yi musamman don haka, WD Purple ko Seagate SkyHawk. Kada a sa maka na laftof da aka ciro.

Baban Ummi (Agege):
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na tsayar da shawara: SSD 256GB na SATA, kadi, da batiri. Hadisk na waje kuma in an biya ni kuɗin kalandun da ke hannuna, in sha Allahu. Injiniya, ranar Asabar zan shigo Ikeja ta jirgin ƙasa, zan yi maka magana ta gefe.

Na-Alaba:
In kuɗin ya kai ka daure ka ɗauki 512GB. 256 yana saurin cika, Windows da manhajoji kaɗai za su ci kaso mai yawa.

Maman Sadik (Obalende):
Assalamu alaikum, ku yi haƙuri na shigo a makare. Na karanta duka. Ni ƙaramar laftof na saya wa ɗana don karatu, an rubuta 64GB eMMC a jikinta. Kullum tana cewa wuri ya cika, sabuntawa ma ta ƙi yi. Ita ma za a iya sa mata SSD ɗin?

Injiniya Otigba:
Wa alaikumus salam Hajiya. eMMC ɗin nan, wato ma'ajiyarta, a like yake da allon kwamfutar, ba a cire shi. Amma wasu daga cikin irin waɗannan ƙananan suna da ramin M.2 a ciki babu komai a kansa, wasu kuma babu. Ki juya ta ki ɗauko hoton takardar da ke ƙasa inda lambar samfurin take, ki turo nan mu duba. In akwai ramin, a sa mata 256GB a mayar da Windows can. In babu, sai a sa mata katin microSD ko ɗan filash da zai zauna a jiki don littattafai da bidiyon karatu, a bar wa Windows 64 ɗin shi kaɗai. Kafin nan ki sa Sadik ya shiga Settings, ya je System, ya buɗe Storage, ya goge fayilolin wucin gadi, sau da yawa wannan kaɗai yana ba ta sararin da za ta yi sabuntawar.

Maman Sadik (Obalende):
To na gode Injiniya. Yana makaranta da ita yanzu, in ya dawo da la'asar zan turo hoton.